Injin da Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Habila. Mutum ne mai ƙwazo a gona, ba ya kuma fashin sujada ranar Lahadi. Shi da matarsa Rifkatu sun yi shekara da shekaru suna takawa da ƙafa duk inda za su, gama ƙauyen yana nesa da bakin titi, mota kuwa sai ranar kasuwa take shigowa.

Wata shekara Ubangiji ya sa wa riɗinsa albarka. Da ya sayar, sai ya shiga birni ya sayo babur, irin ƙaramin nan mai araha da ake kira roba-roba. Ba abin hawan manya ba ne, amma a idon Habila babu kamarsa. Ranar da ya shigo da shi ƙauye, mata suka yi guɗa, fasto ya ɗora hannu a kan sirdin ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya sa babur ɗin ya zama abin taimakon jama'a.

Haka kuwa ya zama. Da shi ake ɗauko taki, da shi ake kai niƙa. In naƙuda ta kama mace, ko zazzaɓi ya kwantar da tsoho, abin da za ka ji shi ne, "A kira Habila." Shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba.

Kowace safiya yakan wanke babur ɗin, ya goge shi da tsumma har sai ya ga fuskarsa a jikin robar. Akwai kuma wata magana da yake jin daɗin faɗa in an zauna a inuwa. Yakan dafa injin ya ce, "Kun ga wannan? Tun da ya fito daga kwali, sifana ba ta taɓa shi ba." Gama a ƙasar, babur ɗin da aka taɓa buɗe injinsa, ana ganin ya zama tsoho, ko da jikinsa yana walƙiya.

Amma abu ɗaya Habila ya yi sakaci da shi, wato juyen baƙin mai. In lokacin juye ya yi, sai ya ce sai an gama shuka. In an gama shuka, sai ya ce sai bayan noman farko. In ya ga man ya yi ƙasa, sai ya sayi na kwalba a bakin hanya ya ƙara a kan tsohon, ya hau ya tafi. Babur ɗin kuwa bai ƙi tashi ba ko sau ɗaya, don haka hankalinsa a kwance yake.

Ana nan, a damina ta uku, wata safiya yana hawan tudun da ke hanyar gonarsa, sai ya ji wata 'yar ƙara daga cikin injin, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a jikin kwano. Ya tsaya ya leƙa, bai ga kome ba. Kashegari ya sake jinta. Da aka yi mako guda ba ta daina ba, sai ya kai babur ɗin wurin Baba Irmiya, wani tsohon bakanike da ke aiki a gindin darbejiya a mararrabar titi.

Baba Irmiya ya ce ya tayar. Ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a jikin injin, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya miƙe ya ce, "Yaushe rabonka da juye?"

Habila ya sosa ƙeya, ya ce, "An ɗan kwana biyu, Baba."

Tsohon ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsunsa. Man ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa. Ya ce, "Ɗana, ƙarfe ne yake cin ƙarfe a ciki. Yanzu abin ƙarami ne. Ka bar mini shi kwana biyu, in buɗe injin, in sāke abin da ya ci, in rufe. Zai yi maka shekaru."

Habila ya ce, "A buɗe? Haba Baba! Injin da ba a taɓa buɗewa ba? Ka dai yi masa juye, ka ɗaure abin da ya kwance daga waje."

Baba Irmiya ya ce, "Juye zan yi maka, amma sabon mai ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya ci. Ciwon ba a waje yake ba. In ban buɗe ba, ƙarya zan yi maka."

Ran Habila ya ɓaci. Ya tuna da mutanen da yake yi wa fahariya a inuwa, ya tuna za su wuce su ga babur ɗinsa a warwatse a kan buhu. Ya ce zai yi shawara, ya hau ya tafi.

Ranar kasuwa ya ba wani mai walda labarin. Mai waldan ya yi dariya, ya ce, "Tsofaffin nan ba su da aiki sai buɗe inji. Kawo in fasa maka salansa, in cire abin da ke toshe ta. Za ka ji babur ɗinka yana ruri kamar babba, wannan 'yar ƙarar kuwa ba za ka ƙara jinta ba."

Haka aka yi. Habila ya komo gida babur yana ruri, kaji suna watsewa, mutane suna fitowa kallo. Waɗansu suka ce lalle an ƙara masa ƙarfi. Rifkatu ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Baban Ladi, wannan ƙara fa? Lafiya?"

Ya ce, "Gyara aka yi masa."

Ta dube shi, ta koma cikin gida.

Amma Habila ya san ba gyara ba ne. In yana gangara tudu ya saki mai, rurin ya lafa, sai ya ji ta a ƙarƙashi, ƙas, ƙas, ƙas, ta ma fi dā ƙarfi. Sai ya koyi gangara tudu yana murza mai. In zai wuce gindin darbejiya, sai ya ƙara wuta, ya ɗaga wa Baba Irmiya hannu daga nesa. Haka ya yi har damina ta wuce.

Da kaka ta yi, wata rana da hantsi suna cirar gyaɗa, Rifkatu ta sa hannu za ta ɗaga tarin harawa, sai kububuwa ta fito daga ƙarƙashi ta sare ta a idon sawu. Ta ƙwala ihu ta faɗi. Habila ya sheƙo a guje, ya yage rigarsa ya ɗaure ƙafar tamau. Maganin saran maciji kuwa babu shi sai a babban asibitin da ke birni, bayan an haye kogi. Matan da ke gonar suka ɗora ta a bayansa, suka ɗaure su tare da zane don kada ta faɗi. Ya tayar da babur ya kama hanya.

Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya wuce ƙauye, ya wuce mararraba, ya haye gada, yana cewa, "Maman Ladi, ki daure, mun kusa." Ita kuwa tana cewa, "Ya Yesu, ka taimake ni." Da suka shiga dajin da ke tsakanin kogi da birni, inda babu gida ko ɗaya, sai injin ya yi wata ƙara mai ƙarfi kamar an buga guduma. Babur ɗin ya yi ja da baya kamar an riƙe shi, ya tsaya cik.

Habila ya taka kik, ya ƙi motsi. Ya sake takawa da dukan ƙarfinsa, kik ɗin ya ƙage kamar dutse. Injin ya buga. Daji ya yi tsit, ba abin da yake ji sai numfashin matarsa a bayan wuyansa.

Ya yar da babur ɗin a gefen hanya, ya goya ta, ya kama tafiya da ƙafa. Rana ta take, ƙafar tana ta kumbura, jini ya fara fitowa daga dasashinta. Yana tafiya yana kuka yana addu'a, amma duk addu'ar da ya fara, sai maganar Baba Irmiya ta tare masa baki, "Kwana biyu." Ba ranar kasuwa ba ce, hanya ba mota. Sai da rana ta yi sanyi wata a-kori-kura mai ɗauke da gawayi ta iso, direban ya tausaya ya ɗauke su.

A asibiti aka yi ta fama. Bayan kwanaki likita ya kira Habila gefe ya ce, "Ranta ya tsira, mu gode wa Allah. Amma kun daɗe a hanya, ƙafar ta mutu. Dole mu yanke ta daga ƙasan gwiwa."

Rifkatu ta yi wata biyu a kwance kafin a sallame ta. 'Yan'uwa a ikkilisiya suka tattara musu gyaɗar, suka yi ta zuwa gaisuwa. Kowa ya zo sai ya ce, "Sannu Habila, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Inji ne, ba ya sallama in zai lalace." Wannan magana ta fi kowace zafi a zuciyarsa.

Wata rana da suka rage su biyu a tsakar gida, ya durƙusa a gaban tabarmarta ya ce, "Maman Ladi, ina da magana. Injin nan ya yi sallama. Wata huɗu yana gaya mini. Baba Irmiya ya ce in bar shi kwana biyu, na ƙi, don kada a ce an buɗe babur ɗina. Salansar da na fasa, don kada in ji ne. Ni na jawo miki wannan."

Rifkatu ta ɗago kai ta dube shi. Sa'an nan ta ce, "Na sani. Ina zaune a bayanka ranar da muka je biki, na ji ƙarar a gangaren tudu, na kuma ga ka murza mai. A asibiti na yi fushi da kai ƙwarai, har na ƙi duban fuskarka ko da kana barci. Na roƙi Ubangiji ya cire mini, bai cire a rana ɗaya ba. Abin da nake jira ke nan, ka faɗa da bakinka. Na gafarta maka, Baban Ladi. Tashi ka miƙo mini sandata."

Kashegari Habila ya tura babur ɗin, wanda wani ɗan'uwa ya riga ya ɗauko masa daga daji, har gindin darbejiya, da rana tsaka, kowa yana gani. Ya ce, "Baba, buɗe shi."

Baba Irmiya bai tuna masa da maganar dā ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya. Fistin ya narke ya manne, gutsattsarin ƙarfe sun cika gindin injin. Habila ya dubi ɓarnar ya ce, "Zai gyaru kuwa?"

Tsohon ya ce, "Zai gyaru. Aikin dai ya fi na dā yawa. Zauna ka riƙe mini wannan."

Babur ɗin ya tashi, ya ƙara shekaru yana kai marasa lafiya asibiti. Rifkatu kuwa da sanda ta yi sauran kwanakinta.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Babur ɗin shi ne ran da Allah ya ba kowannenmu, domin mu yi masa hidima, mu kuma ɗauki nauyin juna. Baƙin man da Habila ya yi ta ɗaga juyensa, shi ne addu'a da zama a gaban Ubangiji a ɓoye, abin da ba wanda yake gani, shi ya sa yake da sauƙin bari. 'Yar ƙarar nan ita ce muryar Ruhu Mai Tsarki a lamirinmu. Ba ya ihu. Yakan ce, wannan ƙaryar fa, wannan ƙiyayyar da kake riƙe da ɗan'uwanka fa, wannan gidan da ƙafarka ta fara sabawa da shi fa.

Ku lura, Habila ba mugu ba ne. Mai taimako ne, mai zuwa sujada. Abin da ya kayar da shi shi ne sunan da yake so a san shi da shi, cewa ba a taɓa buɗe shi ba. Da yawa a cikinmu haka muke. Mun fi so a ce ba mu da aibu, da a warkar da mu. In dattijo ko fasto ko aboki na gaskiya ya ce akwai abin da yake ci a ciki, sai mu canja hanya, mu nemi wanda zai gaya mana abin da muke so. Wani ma da aikin ikkilisiya yake fasa salansarsa. Yana ƙungiyar mawaƙa, yana kwamiti, yana kowane taro, don dai kada ya zauna shiru ya ji abin da zuciyarsa take faɗa.

Kada kuma wani ya ce, zunubina ne, ni kaɗai zai shafa. Ba wanda yake tafiya shi kaɗai. Akwai wanda aka ɗaure a bayanka, matarka, ko mijinki, ko 'ya'yanku, ko sabon mai bi da yake kallon sawunka. Ranar da za ka tsaya a daji, tare za ku tsaya.

Ubangiji Yesu mai gafara ne. Ba ya ƙin wanda ya zo a makare, ba ya kuma yi masa gori. Ko ɓarnar ta kai ina, yana iya gyarawa. Amma gafara ba ta mayar wa Rifkatu ƙafarta ba. Saboda haka, in akwai abin da kake ji a zuciyarka tun da muka fara wannan darasi, kada ka jira a gama girbi. Ka je gaban Ubangiji yau ka faɗa masa da sunansa. In kuma akwai mutumin da ya kamata ya ji daga bakinka, ka neme shi kafin ka ci abincin rana.