Rufin Ɗakin Iya Tabawa

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Yau ba gizo ba ƙoƙi, maganar mutane ce irina irinku, kuma in na kai ƙarshenta ku ne alƙalai. Wanda ya san ba ya iya gardama ya tashi tun yanzu ya ba wani tabarma.

A wani gari da ake kira Rafin Kanya an yi wata tsohuwa, Iya Tabawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta a soron da ya gina mata tun tana amarya. Soron ƙasa ne mai rufin azara, irin wanda ko rana ta take in ka shiga sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Amma shekaru sun ci shi. Wata rana da bazara tana zaune tana kaɗi, sai ƙasa ta zubo mata cikin auduga. Ta ɗaga kai, ta ga rufin ya yi ciki, ya sauko daidai saitin gadonta. Duk wanda ya shigo ya duba sai ya fita yana salati, don kowa ya ga rufin nan ba zai kai kaka ba. In marka ta sauka ya sha ruwa ya ƙoshi, a kan mai ɗakin zai kwanta.

Aka ce ta koma gidan ɗaya daga cikin 'ya'yanta, ta ce sam. "Nan aka kawo ni, nan za a fitar da ni. In gyara za ku yi ku gyara, na raɓa a rumfar tsakar gida. Amma ranar da marka ta sauka a ɗakina za ta same ni, an gama ko ba a gama ba." Wanda ya san tsofaffinmu ya san in sun kafe a irin wannan, ko limami ka kawo sai dai ya sha ruwa ya koma.

'Ya'yanta uku ne. Babbansu Shekarau, ma'aunin hatsi ne a kasuwa, ga sanyin magana ga taurin ciniki. Mai bi masa mace ce, Lantana, tana aure a unguwar gabas, mai faram-faram, ba lungun da ba ta da ƙawa. Sai auta, Nomau, manomi, aljihunsa ba nauyi amma yana da ƙarfi yana da jama'a. Suka haɗa abin da Allah ya hore musu, tsohuwa ta sayar da awakinta ta ƙara. Abin da aka tara na gyara ɗaya ne tak. In aka ba wanda zai ɓata, babu na sakewa.

Nomau ne ya fara kawo magini, wani Barau, ƙanin matar Shekarau. Ya ce ai namu ne, ba zai cuce mu ba. Barau ya leƙa ɗakin, ko hawa sama bai yi ba, ya faɗi kuɗin jinga mai araha har Lantana ta yi guɗa. Ya ce kafin a ce kwabo ya gama. Nan take aka ɗauko kafin alƙalami za a danƙa masa, sai Shekarau ya ce a dakata.

To ga abin da Shekarau ya yi. Shi mutumin kasuwa ne, ya san in masu hatsi biyu suka faɗi farashi ba ka ji komai ba sai ka ga mudun da kowannensu yake awo da shi. Ya nemo wasu magina biyu: Sanda, wanda duk zauren da ya amsa sunansa a garin shi ya gina, da wani dattijo Baba Cindo, wanda ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Sanda ya faɗi nasa kuɗin, ya ɗara na Barau. Baba Cindo ya hau rufin, ya ƙwanƙwasa bango, ya daɗe yana dubawa, sannan ya faɗi nasa, sai da kowa ya riƙe baki don tsada.

Shekarau ya riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu tambaya iri guda, a natse, kamar mai hira. Wa zai sauke tsohon rufi? Ruwan kwaɓi na wa? Leburori fa? Azara sabuwa ce ko tsohuwa? Da yaɓen makuba mai hana ruwa ratsa ƙasa, da indararo, ko babu? Nan asirin araha ya tonu. Kuɗin Barau na hannunsa ne kawai. Sauke rufi daban, ruwa naku, azara kuwa tsofaffin zai mayar, wai suna da sauran rai. Da aka zo kan indararo cewa ya yi, "Ai Yaya ba ku ce da indararo ba." Kun ji fa! Rufin soro ba inda ruwa zai bi ya sauka. Shi kuwa Baba Cindo komai na cikin nasa, har sabuwar azara ta giginya namiji, wadda gara ba ta iya ci. Da Shekarau ya zuba su duka a mudu ɗaya, sai mai araha ya koma mai tsada, Sanda da Baba Cindo kuma suka zo kusan kai ɗaya.

Ya sallami Barau da haƙuri, amma haƙurin bai karɓu ba. Matar Shekarau ta ɗaure fuska, surukansa suka ce ya tozarta ɗansu a idon gari, har suka ɗauke ƙafa daga gidansa, suka koma awo wajen wani. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya shanye.

Saura magina biyu ke nan, kuma zuciyar Shekarau ta karkata ga Sanda. Nasa ya ɗan fi sauƙi, ga shi gani ya kori ji. Shi da Nomau suka zaga gari suka zauna a zaurukan da Sanda ya gina, suka ga zanko tsaye kyam, suka ga zane, masu gidajen kuma sai yabo suke. Suka dawo sun gamsu.

Sai Lantana ta ce, "Yaya, ku zaure kuka gani. Iya kuwa ba a zaure take kwana ba."

Ga nata aikin. Kun san namiji baligi iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gidan wani. Ita kuwa ta yafa mayafi, ta ƙulla 'yar daddawa da kuka a bakin zane, ta shiga gidajen da maginan biyu suka gina ɗaya bayan ɗaya, nan barka, can sannu da jiki. Ba ta taɓa cewa yaya aikin wane ba, don ta san maigidan da ya biya kuɗi ba zai ce an cuce shi ba, matarsa kuma ba za ta kunyata shi gaban baƙuwa ba. Ido ta sa. Ta duba bango ko akwai sawun ruwa, ta duba inda aka janye gado daga mazauninsa. In hira ta yi daɗi sai ta ce, "Ke kuwa da damina ina kike kai gadon nan?" A gidajen da Sanda ya gina sai matan su fashe da dariya. Wata ta ce mata, "Yar'uwa, da damina ai mu da kwanoni muke kwana, kowa da nasa ɗigon." Ashe Sanda inda maza ke zama su yaba nan yake zuba gwanintarsa, ɗakunan ciki kuwa sai ya bar wa masu koyo a hannunsa.

Gidajen Baba Cindo ba su da wani zauren a zo a gani, amma ɗakunan a bushe suke ƙayau. Wata tsohuwa ta gaya mata cewa duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ya zo da kansa, ba wanda ya kira shi, ya yi sallama ya hau ya duba aikinsa. Lantana ta dawo ta zayyana wa 'yan'uwanta. Shekarau ya ce gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ita ma ba a banza ta sha ba. Sanda aminin mijinta ne tun suna yara, kuma magana ba ta ɓuya a gari. Da ya ji wadda ta hana shi aikin, ya kai ƙara wajen abokinsa. Mijin ya ce ta shiga gidajen mutane ta zubar masa da mutunci, ya hana ta fita ko'ina, har gidan uwarta, tsawon daminar nan.

Aka je wa Baba Cindo. Ya ce ya karɓa, amma ya faɗa musu gaskiya tun ran gini. Ƙasar rufi ba a kwaɓa ta yau a ɗora gobe. Sai an tattaka ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har ta yi danƙo. "In na yau-yau kuke so," in ji shi, "ku nemi wani, ba zan ji haushi ba." Aka ce ya fara. Ranar da aka yaye tsohon rufi, azarar da Barau ya ce tana da sauran rai a hannu ta riƙa marmashewa, gara ta cinye cikinta sai ɓawo.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Leburorin Baba Cindo duk manoma ne, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gonarsa, aka bar dattijo da tulin ƙasa, ɗaki kuma a buɗe. Hadari kullum sai ya haɗo daga gabas. Iya Tabawa ta fara tattara kayanta tana duban ƙofar ɗakin. Hankalin Shekarau ya tashi, ya ce wa magini ya ɗora ƙasar haka nan, ko ba ta nuna ba. Lantana ma ta aiko cewa a ɗora. Baba Cindo ya ce shi ba zai sa hannu a rufin da zai tsage ba, sai dai ya mayar da abin da ya karɓa.

Nan Nomau ya tashi. Ya ce ba za a ɗora ɗanyar ƙasa a kan Iya ba, kuma magini ba inda za shi. Hannu aka rasa, to shi zai kawo hannu. Shekara da shekaru ba a taɓa kiran gayya a garin nan aka nemi Nomau aka rasa ba, ko noma ce ko girbi ko ɗaukar jinka. Sai ya bi gida-gida yana kiran tasa. Ku da kuke noma kun san nauyin abin da ya roƙa. A ce mutum ya bar gonarsa lokacin shuka ya zo tattaka ƙasar wani! Da wani ne ya kira da dariya za a yi masa. Amma kunyar Nomau ta hana su ƙi. Suka riƙa zuwa bi da bi, waɗannan yau, waɗancan gobe, masu jakuna na jigilar ruwa, masu ƙarfi na tattaki, wasu na miƙa wa Baba Cindo ƙasa a sama.

Kowa yana yin nasa ya koma gona, ban da Nomau. Wanda ya kira gayya ba ya barin wurin, in ya juya baya ta watse. Yana nan tun daga jera azara har yaɓen makuba, har aka kafa indararo. Ko da ya waiwayi gonarsa shuka ta wuce shi, ciyawa ta rufe ta. Abin da ya girba a shekarar nan bai kai iyalinsa rani ba.

Marka ta sauka Iya Tabawa na cikin ɗakinta, kamar yadda ta faɗa. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin wanda ake manta kalar rana. Katangu suka zube a unguwanni, wasu ɗakunan suka rufta. Ita kuwa ko ɗigo bai taɓa shimfiɗarta ba.

Da kaka ta yi, Iya Tabawa ta tara 'ya'yanta ukun. Tana da wani ɗan lambu a bakin rafi da ta gada wajen mahaifinta, rijiya ɗaya ce a ciki, kuma ƙanƙantarsa ba ta barin a raba. Ta ce in ta bar shi ya zama gado sayar da shi za a yi, ya fita daga gidan. Tana so tun da ranta ta ba da shi kyauta ga wanda ya tsare mata rai a cikinsu. Ta ɗaga hannu za ta nuna, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi waccan, sai hannun ya koma cinyarta, hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Wallahi na kasa. Duk wanda na nuna, sauran biyun nake gani."

To jama'a, ga ta a gabanku. Ba don Shekarau ba da an miƙa wa Barau kuɗin tun ranar farko, ruɓaɓɓiyar azara ta koma kan tsohuwa, amma shi ne kuma ya so Sanda, shi ya ce a ɗora ɗanyar ƙasa. Ba don Lantana ba da mai ƙawata zaure aka ba, sai dai ita ce ta yi wa araha guɗa. Ba don Nomau ba da marka ta sami ɗakin a buɗe da tsohuwa a ciki, ko da yake shi ya jawo Barau tun farko. Ɗaya ya rasa surukansa, ɗaya ta rasa zaman lafiyar ɗakinta, ɗaya ya rasa abincin shekara.

Kar kowa ya ce mini a raba, na gaya muku ba ya rabuwa. Hannun Iya Tabawa na nan a cinyarta tana jiran ku. Wa za ta nuna a cikinsu?