Saiwoyin da Ke Cikin Tankin Kifi

Ranar Asabar, sha ɗaya ga Yuli, 1998, gari ya waye da yayyafi, rana ba ta leƙo ba sai wajen ƙarfe goma. Akwai wani maigida wanda a safiyar nan ya tsamo mataccen kifi na huɗu daga tankinsa.

Tankin na gilashi ne, tsawonsa ya kai na gado, yana falo cike da ƙananan kifaye masu launi. Tun farkon shekara yayarsa Briskila, tsohuwar malamar kimiyya, ta zo daga garinsu da reshen wata shuka mai yaɗo, irin wadda ake ajiyewa a ɗaka. Ta rataya shi a bakin tankin, ganye a waje, gindi a ruwa. Shuka ta yi saiwoyi farare dogaye kamar gemu, ruwa kuwa ya yi garau.

Amma maigidan mutum ne mai son tsari. Ya ga saiwoyin suna tare wa baƙi kallon kifi, sai ya sa almakashi, kowace Asabar yana datse su. Da Briskila ta dawo lokacin Ista ta gani, ta ce masa a gaban baƙi, "Kefas, kai sai ka gyara abu har ka kashe shi."

Maganar ta yi masa zafi. Ta rubuto wasiƙa, ya jefa a aljihun tebur bai buɗe ba.

Ruwa ya soma duhu. Ya wanke tankin, ya sake ruwa, kifaye ba su daina mutuwa ba. To, a safiyar nan ta yayyafi matarsa Rifkatu ta tsaya tana kallo, ta ce, "Baban Tabita, waɗannan bakwai da suka rage, me suke nema a bayan can?"

Suka leƙa ta jikin bango. Ashe akwai 'yan saiwoyi da almakashi bai kai gare su ba, kifayen duk sun taru a ƙarƙashinsu. Ya daɗe a durƙushe yana mamaki, sa'an nan ya je ya buɗe wasiƙar. Babu faɗa a cikinta. Bayani ne kawai, cewa kashin kifi yakan zama dafi a ruwa, saiwa kuwa shi take sha a matsayin taki.

Ya ajiye almakashi. Cikin mako uku ruwa ya washe, bakwai ɗin nan suka rayu. Ya rubuta amsa, amma ya danne ta da gwangwanin abincin kifi.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan shi ne zuciyarmu, dafin kuwa daga cikinmu yake fitowa, wato fushi da girman kai. Saiwoyin su ne mutanen da Ubangiji ya dasa a gefenmu, masu faɗa mana gaskiya, masu shanye ɓacin ranmu su kai shi ga addu'a. Ba kullum suke da daɗin gani ba. Kafin ka ɗauki almakashi, ɗan'uwa, tambayi kanka aikin da suke yi a ɓoye. Wankin tanki ba ya maye gurbin saiwa.

Maigidan ma sai da ya yi kwana tara yana ɗaga gwangwanin nan safe da yamma. A rana ta goma ya manna kan sarki, ya tafi gidan waya da kansa, ya saka wasiƙar da ya rubuta wa Yaya Briskila a akwati.