Ramukan da Ba-Birki Ya Ƙi Dubawa

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ake kira Ba-Birki, saboda in ya ɗau zafi babu mai iya tsayar da shi. Da ya ajiye tuƙi sai ya koma wa ɗan lambun da ke bayan gidansa.

Abin da ya fi so a lambun nan shi ne wata gyaɗa mai baƙin ɓawo da ratsin fari. Irin mahaifinsa ne, shekara arba'in yana hannunsu, kuma ba a samunsa a kasuwa. A bana ƙwari suka shiga buhun irin, abin da ya tsira bai wuce cikin gwangwanin madara ɗaya ba. Ya shuka rabi, ya ajiye rabi.

Kwana uku da shuka ya fito da safe ya tarar da ramuka shida a kunyar da ke can nesa da katanga. Da ya ɗaga kai sai ga Toka, kyanwar maƙwabcinsa kafinta, kwance a kan katanga tana lasar hannu.

Dama shi da kafintan ba sa ga maciji. Ƙarar zarto ta haɗa su, reshen gwaiba ya haɗa su, har ruwan wanki ya taɓa haɗa su. Ko takalmi bai sa ba ya je ya buga ƙofa.

"Ka ɗaure wannan tsinanniyar kyanwa taka, ko ni in ɗaure maka ita!"

Kafinta ya ajiye guduma ya ce, "Ramukan a buɗe suke ko a rufe?"

"Ina ruwanka da yadda suke?"

"Kyanwa in ta tona tana mayar da ƙasa. Kurege ne yake tonawa ya bar rami a buɗe. Kuma ka lura, inda take kwanciya ba a taɓa maka ko ɗaya ba. Je ka duba, malam."

"Ni za ka koya wa noma? Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?"

Da ya koma gida matarsa ta ce, "Baban yara, taku goma ne fa zuwa lambun. Ka duba mana." Ya ce ita ma ta koma bayan kafinta. Ya ɗauki fartanya ya share ramukan don haushi, bai kalli ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi, kafinta ya fita kai ƙofar da ya haɗa wa wani. Ba-Birki ya yaudari Toka da kan kifi, ya jefa ta a buhu, ya sa a bayan ƙaramar motarsa. Ya yi tafiyar awa guda, ya zazzage ta a bayan wata tashar mota, ya dawo yana fito. Ramukan da ya share ya cike su da sauran irin, gwangwani ya koma fanko.

Kafinta ya yi ta zagaya layi yana kiran kyanwar da ta shekara tara a gidansa. A ƙarshe ya tsaya a bakin katanga, idonsa jawur, ya ce, "Na san kai ne. Ba zan yi faɗa da kai ba. Allah ya isa."

Ba a yi kwana biyu ba kuregu suka gane mai gadi ta tafi. Da can ɗaya ne yake saɗaɗowa. Yanzu huɗu, biyar, da rana tsaka, suna tsayawa a kan ƙafa biyu suna kallonsa kamar shi ne baƙon. Ya kafa tarko, suka cinye abin da ya sa suka bar masa tarkonsa. Ya barbaɗa barkono, ruwan sama ya wanke. Ya rataya tsofaffin leda da gwangwanaye, suka mayar da su wurin wasa. Ɓeraye kuma suka shiga ɗakin ajiya suka huda buhun masara.

Cikin mako guda babu ƙwayar gyaɗa ɗaya da ta rage a ƙasa. Ya tsuguna a tsakiyar lambun yana tono da yatsu, sai ɓawo kawai. Ranar ya kasa cin abinci. Baƙin ciki ya cika shi, ya ji kamar yau ne aka binne mahaifinsa.

Sai matarsa ta kawo labari daga matar kafinta. Wai gyaɗa uku sun tsiro a gindin tarin katako a gidansu, baƙin ɓawo mai ratsin fari na manne a jikinsu. Kurege ne ya sato ya binne can, ya manta.

Ba-Birki ya je ƙofar kafinta, wannan karon da sallama.

"Maƙwabci, ka yi haƙuri. Ka bar ni in shiga in kewaye su da waya. Su kaɗai suka rage mini a duniya."

"Yau ni ne maƙwabci?" in ji kafinta. "Mai gadinsu kai ka tafi da ita. Kawo mini Toka, ka shiga."

Ya rufe ƙofa.

Kwana huɗu tsohon nan yana zarya zuwa tashar. Yana leƙa ƙarƙashin motoci, yana tambayar masu shara da masu faci, riƙe da kan kifi a leda, direbobi suna masa dariya. Kyanwa ta bi duniya. A rana ta huɗu ya dawo hannu rabbana, ya tsaya a ƙofar kafinta ya ce, "Ban same ta ba. Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Kafinta ya matsa gefe. "Shigo."

Ya kai shi gindin katakon. Babu tsiro ko ɗaya. Ramuka uku ne a jere, ƙasa a watse, ganyen ya bushe a gefe.

"Jiya da rana suka zo," in ji kafinta. "Yanzu kana da lokaci, malam. Sunkuya ka duba da kyau. A buɗe suke ko a rufe?"

Ba-Birki ya sunkuya. A buɗe suke.

Darasi: Ƙiyayya tana rufe ido, har ka kori mai tsare maka dukiya ka bar ɓarawo. Kafin ka yanke hukunci ka je ka duba, ko da maƙiyinka ne ya ce ka duba, don da na sani ƙeya ce. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila wani yana riƙe da buhunsa yanzu.