Jeren Gafiya da Kaskon Bushiya

An yi wata Gafiya da ke zaune a wani kango a bayan gari, gidan da masu shi suka tashi suka bar wa ciyawa da ƙananan dabbobi. Ramin da take ciki gadon uwarta ne, kuma tana da 'ya'ya biyu ƙanana, Nomau da ƙanensa Tunau. Allah ya ba ta hannu. Abin da kowa zai kalla ya ce shara ne, ita sai ta kalla ta hango ado. Aibinta ɗaya, yabo na ratsa ta har ta manta da kanta.

Maƙwabtanta na kusa biyu ne. Akwai Kadangare, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, ko me ka faɗa masa sai ya gyaɗa kai. Akwai kuma tsohuwar Bushiya, ƙawar marigayiya uwar Gafiya, wadda bakinta ya fi ƙayar jikinta tsini.

Masu gidan sun bar tarkace da yawa a juji: kwanukan da fentinsu ya ɓaɓɓalle, yagaggen faifai, ludayi mara mariƙi, fasasshen ƙwan fitila, da murafun kwalba ba iyaka. Gafiya ta riƙa jan su zuwa raminta tana wankewa. Faifan nan ta saƙe shi da tsummoki masu launi ta rataye a bango. Murafun kwalba ta huda su, Nomau na zura mata zare, suka zama labule mai ƙara in iska ta kaɗa. Wata tsohuwar buta kuwa ta cika ta da ƙasa ta shuka fure a bakin ƙofa.

Gaskiya aikin ya yi kyau, ko maƙiyinta ba zai musa ba. Da a nan ta tsaya, da ban sami labarin da zan ba ku ba, kuma da na fi son haka.

A kangon nan akwai al'adar da kowa ya tashi ya tarar. Duk abin da ka gani a juji bakinsa na kallon sama, naka ne, ɗauki abinka. Amma abin da ka tarar a kife, kada ka taɓa shi, domin ko dai da mai zama a ƙarƙashinsa, ko wani ya kife shi don wani amfani.

Ramin Gafiya ƙofa biyu gare shi. Ta gaba tana gindin bango, ta baya kuma tana can kan tudu, ita ake bi a tsere idan ruwa ko maciji ya shigo. A kan ƙofar bayan nan aka kife wani tsohon kasko mai ɓallen baki. Bushiya a ƙarƙashinsa take kwana, kuma ita ke share ƙasar da ke zubowa kullum don kada hanyar ta toshe. Haka suka shirya da uwar Gafiya tun suna 'yan mata.

Wata rana Kadangare ya dawo daga yawon katangu, ya zo ya zauna a ƙofar Gafiya.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, yau na leƙa ɗakin wata amarya a cikin gari. An yi mata jere, kwano bisa kwano, tun daga ƙasa har rufi. Idona bai taɓa ganin irinsa ba."

Gafiya ta ɓata fuska. Ta ce, "Wato ya fi ɗakina kyau ke nan?"

Kadangare ya gyaɗa kai.

Ta ce, "Amma ai in na sa kaina zan yi wanda ya fi shi, ko ba haka ba, Malam Kadangare?"

Ya sake gyaɗa kai, har da lumshe ido.

Tun daga ranar Gafiya ba ta sake zama ba. Ta kwashe kwanukan juji kaf, ta goge su da toka, ta zana su da farar ƙasa da shuni. Da ta zo jerawa sai ta ga duk bangon ɗakin ya cika da ado, saura gefe ɗaya, gefen da hanyar ƙofar baya take. Ta ɗan yi jim, sannan ta fara ɗora kwanuka a wurin, tana liƙe su da laka don kada yara su ture.

Nomau ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Inna, in kin rufe nan ta ina za mu fita?"

Ta ce, "Wa ya ce maka rufewa zan yi? Ba ka ga na bar kafa a tsakiya ba? Miƙo min lakar nan, ka daina surutu."

Jere ya tashi har rufi. Ɓeraye suka zo kallo, kyankyasai suka zo, har wata Jaɓa daga wata unguwa ta zo tana toshe baki don mamaki. Amma duk wanda ya zo sai idonsa ya faɗa kan kafar nan ta tsakiya, baƙi ƙirin, ya ce, "Saura nan kawai." Maganar ta tsaya wa Gafiya a rai, ta hana ta jin daɗin abinci.

Ta zagaye juji ba ta sami abin da zai cike wurin ba. Sai ta hau tudu, ta tsaya tana zagaya kaskon Bushiya tana auna shi da ido.

Bushiya ta leƙo. Ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kike zagaya min ɗaki kamar mai neman aure?"

Gafiya ta ce, "Gwaggo, kaskon nan ya tsufa, ga shi duk baƙin hayaƙi. Ki ba ni shi in gyara, in mai da shi abin kallo."

"In ba ki shi in kwana a ina? A kanki?"

"Ai wurin kwana ba ya wuya a kangon nan. Ɓata shi kawai kike yi, ba ki san darajarsa ba."

Bushiya ta fito gaba ɗaya, ƙayoyinta a miƙe. Ta ce, "A kife kika gan shi ko a buɗe? Uwarki ce ta kife shi da hannunta, ni na kama mata. Ba don ado muka sa shi nan ba. Kin san abin da ke ƙarƙashinsa, kin kuma san damina ta ƙarato."

Gafiya ta ce, "Kullum uwata, kullum uwata. Ita ta yi zamaninta a ɗaki kamar kabari, ni ba zan yi ba. Tun da na yi wayo ban taɓa bin ƙofar nan ba ko sau ɗaya."

Bushiya ta ce, "Sai ki gode wa Allah. Amma ban ba ki ba, kuma ba zan ba ki ba."

Gafiya ta juya wurin Kadangare, wanda ke shan hantsi a kan dutse. Ta ce, "Malam, kai ka raba mu. Abin da ke kan ramina ba nawa ba ne?"

Kadangare ya gyaɗa kai.

Bushiya ta ce, "Kai kuma, ko an ce maka rana daga yamma take fitowa gyaɗa kan nan za ka yi."

Ya gyaɗa mata ita ma.

Washegari Bushiya ta fita neman ƙwari. Kafin ta dawo Gafiya ta mirgino kaskon daga tudu. Da ya ƙi shiga ƙofar gaba, sai ta faɗaɗa ƙofar, ta kankare har da ɗan tudun da ke tare ruwa a bakinta. Ta shigar da shi, ta wanke, ta shafe shi da jar ƙasa, ta zana masa furanni, ta kafa shi a tsakiyar jere daidai kan kafar nan. Ta bi gefensa da laka ta liƙe tam.

Bushiya ta dawo ta tarar da fili. Kowa ya zaci za a ji faɗanta har cikin gari, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ƙofar Gafiya ta tsaya, ta ce, "Na riƙe wa uwarki amana har yau. Ke kika sallame ni, ba ni na tafi ba." Ta juya ta nufi can ƙarshen kango, tana tafiya a hankali irin ta tsofaffi.

Tunau ya fara kuka yana kiran Gwaggo. Sai ga baƙi sun iso kallon jere, Gafiya ta share fuska ta tarbe su.

Kwanaki suka shuɗe. Ƙofar baya na nan a buɗe ba mai kula da ita. Iska ta zuba mata ƙasa, kaji suka tona suka ƙara, busassun ganye suka bi suka danne. Gafiya ba ta hau tudun ba ko don ta duba, tana can tana goge kwanuka.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Kadangare, wanda ke zaune yana yaba jere, ya ji iska ta canza, ya sulale ya haye katanga ko sallama babu. Ruwa ya kece. Indararon bango ya fara zuba, ruwan tsakar kango ya taru ya nemi gangare, ya tarar da ƙofa mai faɗi ba abin da ya tare shi.

Kafin Gafiya ta ankara ruwa ya kai wa yara wuya. Ta ɗora su kan buhun tsummoki ta ruga wurin jere. Ta ja kasko, ko motsi bai yi ba. Lakar da ta kwaɓa da hannunta ta bushe kamar dutse, domin ita ba ta yin aikin ha'inci.

Nomau ya ce, "Inna, ki buɗe ƙofar baya."

Ta ce, "Ina buɗewa, ɗana, ina buɗewa."

Ta sa haƙori, ta sa farce, har jini ya fito. Kwanuka suka riƙa faɗowa suna yawo a kan ruwa. Da ƙyar kaskon ya goce gefe. Ta cusa kai cikin kafar, hancinta ya daki ƙasa. Hanyar ta toshe tun daga sama har ƙasa, ko haske ba ya shigowa. Ta kira Gwaggo da iyakar ƙarfinta, ta sake kira, alhali ta san ba kowa a can.

Ba sauran dabara sai ƙofar gaba, inda ruwan ke shigowa da ƙarfi. Ta ɗauki Tunau a baki. Ta ce wa Nomau ya kama wutsiyarta da kyau kada ya saki. Ta kutsa cikin ruwan, yana mai da ita baya tana turawa, labulen murafun kwalba na naɗe mata ƙafa. Tana gab da fita ta ji wutsiyarta ta yi sakayau.

Ta ajiye Tunau a kan dutse ta koma. Ruwan ya watso ta waje. Ta sake komawa, ya sake watso ta. Ana haka bakin ramin ya rufta.

Da ruwa ya tsagaita, Gafiya ta ɗaga kai ta ga Kadangare a kan katanga, jikinsa a bushe. Ta ce, "Malam, kana sama, ka ga Nomau ya fito?"

Kadangare ya gyaɗa kai.

Ta ce, "Ina ya bi? Ko bai fito ba?"

Ya sake gyaɗa kai, daidai irin na farko. A nan Gafiya ta gane irin shaidar da ta riƙa dogara da ita duk kwanakin nan, ta zauna cikin taɓo ta fashe da kuka.

Bushiya ce ta zo, jikinta sharkaf. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta sa hannu suka yi ta tono tare, ita da tsufanta, har rana ta kusa faɗuwa. Suka tono faifai, suka tono kwanuka masu zanen shuni, suka tono kaskon ya rabe biyu, furanninsa sun wanke. Nomau kuwa ba su same shi ba, kuma ba a sake ganinsa ba.

Bushiya ta goge hannu ta ce, "Ɗauko yaron nan, sanyi zai kama shi."

Ta kai su ƙarshen kango, ƙarƙashin wani tsohon daro da tsatsa ta cinye, inda ta koma da zama. Ta ce, "Ba shi da kyau, amma gefen nan ba ya yoyo. Ku kwanta."

Gafiya ta ce, "Gwaggo, ki yafe min."

Bushiya ta ce, "Ni na yafe, 'yar nan. Sauran kuma ba a hannuna yake ba."

A nan suka ƙare damina. Gafiya ta rame, ta daina magana sai dole, hannun nan nata mai albarka ya kwanta. Wata safiya Tunau ya shigo da gudu riƙe da wani murfin kwalba mai sheƙi, ya ce, "Inna, ki huda min, ni zan zura zaren yadda Yaya yake yi."

Ta daɗe tana kallon murfin, hawaye na zuba. Sannan ta ce, "A buɗe ka same shi, ko a kife?"

Ya ce, "A kife."

Ta ce, "To, mai da shi inda ka ɗauko."

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, gyara tsohon abu ya zama ado aiki ne mai kyau, kuma ba wanda zai ga laifin mai yin sa. Amma kafin ka ce abu ya tsufa ba shi da amfani, tambayi wanda ya ajiye shi aikin da yake yi a wurin. Kada son a yaba maka ya sa ka tsige abin da ke tsare ranka da na 'ya'yanka, kada kuma ka kori mai gaya maka gaskiya ka riƙe mai gyaɗa maka kai. Ɗaki in ya rushe ana sake wani, kwano in ya fashe ana samun wani a juji, amma Gafiya har ta tsufa ba ta sami abin da ya cike mata gurbin Nomau ba.