Shaidar Nomau

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda ni kaina ta hana ni sakat.

A wani gari na ƙasar auduga akwai wani mutum, Nomau, wanda ya shiga kamfanin gurzar auduga tun yana saurayi, bai fito ba sai da furfura. Rana ɗaya aka tara su a bakin ƙofa, aka ce kamfani ya rufe, kowa ya kama gabansa. Duk gari an ji, amma zuciyar Nomau ta ƙi ji. Kullum da safe sai ya sa rigar aiki, ya je ya zauna gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar nan mai kwaɗo, ba ya tashi sai la'asar. Rumbu ya koma fanko, matarsa Indo ta fara fitar da kwanukanta kasuwa. Shi kuwa har ya soma tambayar hanyar ramukan haƙar zinare, inda ba duk mai shiga ne yake fitowa ba.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta buɗe cibiyar koya wa waɗanda aka sallama sana'a, da ma'aikata uku.

Ta farko Malama Ladidi, aikinta nemo mutane. An yi shela da lasifika, amma irin su Nomau gara yunwa ta kashe su da a gan su a layi. Ita sai ta bi ta cikin gida, ta ji komai a bakin Indo, ta same shi a gindin bishiya.

Ya ce, "Ke 'yar nan, na yi miki kama da mai neman taimako?"

Ta ce, "A'a, Baba, gaisuwa kawai na kawo."

Ta yi ta kawo gaisuwar nan, yana kora tana dawowa, har kunya ta kama shi ya bi ta. Ba don ita ba, da tuni yana cikin rami.

Na biyu Sahabi, mai koyar da gyaran injin ban-ruwa. To, ga inda matsala take: ubansa a ƙarƙashin Nomau ya yi aiki a kamfani. Ranar farko Nomau ya zauna kan benci cikin samari, noti ya kuɓuce masa ya faɗi, aka yi dariya. Ya kaɗe riga ya tafi, ya rantse shi da wurin har abada. Washegari sai ga Sahabi a zaurensa da mataccen inji a ka. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wannan ya gagare ni ni kaɗai, ka riƙe min nan." Haka suka ci gaba kullum da yamma. Duk su biyun sun san wane ne malami, ba wanda ya taɓa faɗa, har hannun Nomau ya faɗa.

Na uku Barau, mai haɗa waɗanda suka koya da manoman fadama. A can ba mai miƙa injinsa ga sabon hannu sai wani ya tsaya masa, Barau ya tsaya wa Nomau. Aikin farko kuwa, don zumuɗi, Nomau ya haɗa inji tsaf ya manta bai mayar da baƙin mai ba. Inji ya ƙone, tumatirin mai injin yana tsakiyar fure. Da labarin ya fita, an gama da Nomau a fadama. Barau ya je gida ya ɗauko injin mahaifinsa ya dasa a gonar mutumin, ya roƙe shi ya rufa asiri. Tumatir ya tsira, albasar gidansu Barau ta bushe ƙurmus. Har yau uban ba ya amsa gaisuwarsa da daɗin rai.

Nomau ya samu rumfa a bakin fadama, hayaƙi ya sake tashi a gidan Indo.

Ni abin da ke ba ni haushi da duniyar nan, ba ta barin mutum ya gama godiya. Masu ɗaukar nauyin cibiya suka rage tallafi, suka ce ma'aikaci ɗaya kawai za su iya riƙewa. Shugabar da ta zo daga birni ta rasa yadda za ta yi, sai ta aika a kira Nomau, tun da shi ne abin nuninsu.

Ya shiga ya tarar da su ukun a zaune kan benci, kowa kansa a ƙasa. Nan take ya gane zaman, irinsa suka yi a ƙofar kamfani. Ya san Ladidi marayu take riƙo. Ya san Sahabi shi ke ciyar da ubansa tun ranar da aka sallami uban tare da shi Nomau. Ya san Barau ba shi da gonar komawa, kuma saboda wa.

Shugabar ta ce, "Malam Nomau, kai ka ga aikinsu da idonka. Tsakaninka da Allah, wane ne ya fi yi maka? Wanda ka ambata shi zai zauna."

Nomau ya buɗe baki, hawaye suka riga magana. Ya ji da ma an bar shi a gindin darbejiyarsa.

To, jama'a, suna ɗaya aka ce ya faɗa, biyu kuma su tafi neman tasu inuwar. Da ku ne Nomau, sunan wa za ku kira?