Ƙwaryar Aron Baba Jatau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Jatau. Manomi ne. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, amma rumbunsa ba ya rabo da hatsi. Ku saurara da kyau, 'yan'uwa, a hankali zan bi da ku.

Jatau yana da wata ɗabi'a da ta hana iyalinsa sakat, ita ce aro. Ga ƙorai jere a gidansa, ga masakai, ga akusa, amma sai ka gan shi ya dogara sanda ya nufi gidan da ko akuya babu, ya yi sallama ya ce a ara masa ƙwarya. Yau ƙwarya, gobe kwando, jibi tukunya. Har aka sa masa suna Baba Na-Aro.

Ɗansa Mamuda ya yi faɗa har ya gaji.

"Baba, don Allah me muka rasa a gidan nan? Kana sa ana yi da mu a gari."

"Ƙwaryar tsohuwa Yalwa ta fi daɗin awo," in ji tsohon.

"Wadda ta sha ɗinki har ba a gane ta?"

"Ita fa."

Wata rana a ƙofar gida, gaban mutane, Mamuda ya ce a yi haƙuri da tsohon, tsufa ne ya taɓa masa kai. Ɗan da ya haifa, jama'a, a gaban idonsa. Jatau yana zaune yana feƙe ƙotar fartanya. Ya ji sarai. Bai ɗaga kai ba.

To, rai ya yi halinsa. Bayan an yi sadakar uku, mata suna zaune a tsakar gida, sai hira ta gangaro kan marigayi. Cikinsu akwai jikarsa Dela, matar aure ce a nan cikin garin, ita ce abokiyar wasansa. Shi ya ce mata amarya, ita ta ce masa tsohon miji mai rowa.

Wata ta ce, "Kun tuna hatsin tattabaru? Kullum a sussuka masa gero ya kai ɗaki, wai na tattabarunsa ne."

Wata ta karɓe, "Tattabarun da ba su cika hannu ba, amma sun fi doki ci. Kuma duk a rame."

Aka kwashe da dariya, har da Dela. Mutum ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, an mai da shi abin tafa hannu.

Ana cikin haka sai Mamuda ya fito daga ɗakin mamacin, riƙe da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki.

"Ke Dela, kai wa Yalwa tsiyarta. Ki gaya mata an gama aro a gidan nan."

"Kawu, haka ba komai a ciki?"

Don al'adar garin ce, ba a mayar da abin aro wayam. Ko barbaɗin kuka ne, ko 'yar gyaɗa, sai a jefa a ciki.

"Abin da ke gidan nan na magada ne yanzu," in ji Mamuda. "Wuce."

Dela ta rufe ƙwaryar da faifai kamar yadda kakanta ke yi, ta tafi. Ita Yalwa tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, idonta ya yi rauni, ga marayun jikoki a hannunta. Da ta ji sallama, ta ga giftawar ƙwarya, sai ta miƙo hannu biyu, ta ɗaure damtse irin na mai shirin karɓar abu mai nauyi. Ƙwaryar ta yi sama a hannunta kamar busasshen ganye.

Ta sa hannu ciki ta shafa. 

"Ashe dai da gaske ya tafi," ta ce.

"Iya, me yake zuba miki a ciki?"

"Zauna, 'yar nan. Shekarar da malam ya rasu, kakanki ya aiko mini da damin gero. Na mayar masa. Na ce ni ba mabaraciya ba ce, gidan nan mu ma mun ciyar. Washegari sai ga shi, wai in ara masa ƙwarya. Ta dawo cike da gero har baki. Wa zai mayar da tukuicin aro? Na san ya sani, ya san na sani. Har ya koma ga Allah ba mu taɓa zancen ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce a unguwar nan."

Dela ta dubi murhu. Toka ce mai sanyi, ko alamar wuta babu.

Tsohuwar ta kama hannunta. "Kada ki kai wannan magana gida. Ya rufa mini asiri yana raye, kada a tone shi yana kabari."

Dela ta dawo, yanzu ta san inda hatsin tattabaru yake zuwa. Tun daga zaure take jin dariyar, an koma kan ranar da ya aro tukunya mai huji. Maganar tana kan harshenta. Kalma ɗaya za ta faɗa kowa ya sunkuyar da kai, a wanke sunan kakanta, Kawu ya ji kunyar da ta dace da shi. Amma kafin magariba duk garin zai san Yalwa da marayunta ciyar da su ake yi. Nan ta gane abin da tsohon ya haɗiye ranar da yake feƙe ƙota.

"Me ta ce?" in ji Mamuda.

"Ta ce Allah ya jiƙansa."

Da gari ya waye Dela ta sussuka gero daga nata rumbun, ta yafa mayafi, ta tsaya a ƙofar Yalwa.

"Iya, ara mini ƙwaryar nan mana. Tawa ba ta da daɗin awo."

Ba a jima ba aka fara cewa Dela ta gaji haukan kakanta. Ta bar su. Sai da duk masu sunan nan suka kwanta dama, ita ma ta tsufa, sannan ta gaya wa jikokinta, har labarin ya iso mu.

To jama'a, abin da ke ɓata mini rai ke nan. Mu yau mudun shinkafa za mu bayar, sai mun tara unguwa, mun jera mata a rana, an ɗauke su hoto a waya an watsa wa duniya. Ka cika mata ciki ka kwashe mata mutunci, kuma kana jiran lada. Kyautar kirki ita ce wadda mai karɓa zai karɓa kansa a ɗage. Sannan tsofaffin nan da muke yi wa dariya a gidajenmu, muna cewa sun rikice, me muka sani tsakaninsu da Ubangijinsu? Ku kame bakinku a kansu, suna raye ko sun mutu.

Kowa a nan ya san gidan da ba a hura wuta ba yau a layinsu. Kada ka aika da yaro da buhu a ka. Tashi da ƙafarka ka yi sallama, ka ce a ara maka ƙwarya. Allah ya rufa mana asiri kamar yadda muka rufa wa wasu.