Takardar da Magini Ya Manna a Bango

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku kaɗan. An yi wani mutum, magini ne. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Irin mutanen nan ne da ake cewa ko yatsa ka sa musu a baki ba za su ciza ba. To wannan halin da ake yabonsa da shi, shi ne ya kai shi ya baro.

Yana zaune a wani gidan haya mai hawa biyu, ɗakuna goma sha huɗu, famfo ɗaya a tsakar gida. Shi da matarsa da mahaifiyarsa suna ƙasa, a ɗakuna biyu da ke jikin matakala. Wata shekara mai gidan ya ɗora hawa na uku a kan harsashin da ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyin ba. Maginin yana cikin waɗanda suka yi aikin.

Ba a rufa wata shida ba sai ga tsaga a jikin ginshiƙin da ke ƙarƙashin matakala. Magina suna da wata dabara. In suna so su san ko tsaga ta tsaya ko tafiya take yi, sai su manna 'yar takarda a kanta, ta kama gefe da gefe, su bar ta. In filasta ce kawai ta bushe ta tsage, takardar za ta zauna lafiya. In ginin ne yake buɗewa, za ta yage. Ya manna tasa ranar Litinin. Ranar Alhamis ya tarar ta rabu biyu.

Akwai wata mai ɗinki a gidan, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Kekenta yana bakin ƙofa, yana kallon matakala. Ta ga magini tsaye, fuskarsa ta canza, sai ta tambaye shi ko lafiya. A wannan lokacin bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Yaya, ginin nan tafiya yake yi. Ban ba shi damina biyu ba." Yana gama faɗa ya yi da-na-sani, ya roƙe ta ta bar maganar a cikinta. Da ya gaya wa mai gidan, sai ya ce masa ya cike wurin da siminti ya shafa fenti. Ya cike, ya shafa.

Ita kuwa ta kasa yin shiru. Ta je wurin mai gidan, ya kore ta. Ta ce to za ta kai magana wurin hukumar da ke duba gine-gine. Nan fa hankalin 'yan haya ya tashi, domin kowa ya san in suka zo kulle gidan za su yi, kowa ya kwashi komatsansa ya tsaya a titi. Ina za a sami ɗaki? Aka kira taro a tsakar gida bayan la'asar, har da mai gidan.

Dattijon gidan, wani tsohon direba, ya tambaye ta hujjarta. Ta ce ita ba ta san gini ba, amma ga wanda ya sani a zaune, a tambaye shi. Ido ya dawo kan magini. Ga mai gida da yake ba shi aiki, ga maƙwabtan da yake kwana yake tashi da su, kowa fuska a ɗaure. Ya yi ƙasa da kai ya ce, "Filasta ce kawai. Na riga na gyara."

Maganar ba ta fi haka ba, ya 'yan uwa. Bai zage ta ba, bai ce maƙaryaciya ce ba. Ya dai sake ta a tsakiyar mutane ita kaɗai.

Aka yi mata ca. Daga ranar aka daina amsa gaisuwarta. Mata suka zo suka karɓe atamfofinsu, har da waɗanda ta riga ta yanka. In ta ajiye bokiti a layin famfo, sai ta dawo ta tarar an ture shi gefe. Suka sa mata suna Mai Fatan Tsiya. Duk da haka ta kai ƙarar. Masu dubawa suka zo suka ga bango fes da sabon fenti, suka tambayi magini, ya maimaita musu abin da ya faɗa a taro, suka tafi. Mai gidan ya ba ta wa'adin tashi.

Ranar da take kwashe kaya babu wanda ya kama mata ko tabarma. Ta tsaya a ƙofar matar magini ta ce ko ba za su tashi ba, su fitar da Inna, mahaifiyar magini, daga ɗakin nan na jikin matakala. Matar ta juya mata baya ta ce Allah ya raka taki gona. Magini yana ciki yana ji, bai fito ba.

Kun san abin da ya fi ba ni takaici? A ɓoye ya fara neman wani ɗakin, don ya zare iyalinsa ba tare da kowa ya sani ba. Ya yi lissafi cewa yana da sauran shekara guda. Wa ya ba shi wannan shekarar?

Da damina ta kankama, aka kwana uku ana ruwa. Ranar ta huɗu da hantsi, yana wurin aiki a wata unguwa, aka kira shi a waya. Kafin ya iso, hawa uku sun zama tsibi ɗaya. Da hannunsa ya riƙa ɗaga bulo yana kiran Inna, yana kiran matarsa, har farcensa ya fita. Gawar mutum tara aka ciro, su biyun suna ciki.

Waɗanda suka tsira, su ɗin da suka ji daɗin maganarsa a taro, su ne suka fara nuna shi da yatsa suna cewa ya sani ya yi shiru. Haka mutane suke. Wanda ka saɓa wa Allah don ka faranta masa, shi ne zai fara tsine maka.

Mai ɗinki ta zo ta'aziyya, ta zauna cikin mutanen da suka kore ta, ta yi kuka da su. Da za ta tafi magini ya biyo ta waje ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni na yafe maka tun ranar taron. Ɗaki kawai na rasa. Amma mutum taran nan, ƙanina, ba ni da ikon yafe maka a madadinsu."

Tun daga nan bai sake riƙe cokalin gini ba. Yana nan a ɗakin ƙanensa, in ka gaishe shi sai ya daɗe yana kallonka kafin ya amsa.

Ya 'yan uwa, ɓoye shaida zunubi ne, ko da da murmushi da ladabi aka ɓoye ta. Matar nan ta ji tsoro kamar yadda ya ji, ita ma tana da 'ya'ya da za ta ciyar. Ta rasa ɗaki, ta rasa masu kawo ɗinki, ta sha gori, amma tana barci da zuciya ɗaya. A cikinmu nan, wa ya san wani abu a wurin aikinsa ko a gidansa da zai iya cutar da mutane, ya yi shiru don kada a daina gaishe shi? In ba za ka iya fara magana ba, to idan wani ya fara, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka buɗe baki ka ce gaskiya ya faɗa.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya sassauta wa bawan nan nasa. Allah ya kiyaye mu daga jin tsoron mutane fiye da tsoronsa, ya kiyaye harsunanmu daga yin shiru a ranar da shirun zai ci rai. Amin.